Kogin da ke haƙa a ƙarƙashin ƙanƙara

A sanyina na farko a Winifeg ta Kanada, kullum da safe motar haya kan tsallakar da ni Kogin Red. Sai in leƙa ta taga in ga ruwan ya daskare fari fat, har mutane na yawo a kansa da 'ya'yansu. A raina na ce wannan kogi ya yi barci, sai bazara.

Daga baya na samu leburanci da masu duba gadoji. Wata safiya a Fabrairu, gashin bakina ya yi tauri don sanyi, muka huda ƙanƙara kusa da ginshiƙin wata gada, muka zura na'urar auna zurfi. Na leƙa ramin. Ruwa baƙi ƙirin yana gudu abinsa, har igiyar na rawa a hannuna.

Shugabarmu, wata dattijuwa da ba ta cika magana ba, ta zana mini abin da yatsa a kan dusar ƙanƙara. Kogi a buɗe, ruwan da ke kusa da sama ya fi gudu. Da ƙanƙara ta rufe shi sai ta riƙa tauye ruwan saman, ƙarfin gudun ya sauko ya ƙara kusantar ƙasa. In ruwan ya doki ginshiƙi, sai ya nutsa ya murɗa a gindinsa, yana kwashe yashi da laka, rami na ƙara zurfi. In gefen ƙanƙarar da ke taɓa ruwa gargada ne, haƙar ta fi muni. Shi ya sa ake jibge manyan duwatsu a gindin ginshiƙai, mu kuma muke auna wurin.

Bazarar ma da nake jira ita ce lokacin fargaba. Kogin Red arewa ya nufa, don haka kudu ke fara narkewa alhali gaba a toshe yake. Ɓaraguzan ƙanƙara sai su cunkushe, ruwa ya taru a baya, ranar da ya ɓalle kuwa ya kankare ƙasan kogi a 'yan sa'o'i. Saboda haka tun kafin narkewa ake kai injinan Amphibex, masu haƙa da ke iya yawo a kan ruwa, su farfasa ƙanƙara a arewacin garin Selkirk.

Yanzu na saba da safar hannu biyu, na kuma daina cire su don ɗaure igiya, tunda yatsana ɗaya ya kwana uku bai dawo daidai ba. Gobe da asuba akwai ramuka shida da za mu huda.