Abin da ya fi gilashi muhimmanci a sigar gwaji ta iOS 26

Tun ranar 9 ga Yuni, 2025, da kamfanin Apple ya gabatar da iOS 26 a taronsa na shekara-shekara na masu ƙirƙirar manhajoji, kusan duk muhawarar da aka yi ta tafkawa a lokacin gwajin a kan wannan babbar manhaja ta iPhone ba ta wuce ta kamanni ba. Masu ƙirƙirar manhajoji sun samu sigar gwaji a ranar, sauran jama'a kuma aka buɗe musu ƙofa ranar 24 ga Yuli. Na ɗora ta a kan wata waya da na keɓe domin irin wannan aiki, kuma abin da na fahimta shi ne an bar jaki ana dukan taiki, domin sauye-sauyen da za su taɓa rayuwar mai waya kullum suna cikin manhajar kira da ta saƙonni, inda mutane ƙalilan ne suke leƙawa.

Ga wanda lambar ta rikitar, ba a yi wasu sigogi bakwai a ɓoye ba. Daga iOS 18 aka tsallaka zuwa 26 domin sunan ya dace da shekarar 2026, kuma aka daidaita lambar a manhajojin kwamfutar Mac da iPad da agogon hannu duka.

Sabon kamannin, wanda suka raɗa wa suna Liquid Glass, shi ne sauyin fuska mafi girma tun iOS 7 ta shekarar 2013. An mayar da maɓallai da sandunan zaɓi kamar gilashi mai ɗaukar haske da launin abin da ke bayansa, suna ƙanƙancewa idan ana gangarawa cikin shafi, su dawo idan an koma sama. Yana da kyau a ido, ban musa ba. Sai dai a sigar gwaji ta farko masu gwaji da yawa sun koka cewa rubutu yana nutsewa cikin hoton da ke bayansa, musamman a allon da ake kunna intanet da tocila da rage haske. A siga ta biyu aka ƙara duhun bayan wannan allo, a ta uku aka rage garai-garai ɗin gilashin sosai har wasu suka ce an kashe shi, a ta huɗu kuma aka maido da wani ɓangare nasa. Wannan kai da kawowa ya isa ya nuna cewa yanke hukunci a kan kamannin a lokacin gwajin gaggawa ne, tunda a lokacin masu zanen kansu ba su tsaya a wuri ɗaya ba. Wanda idonsa ba ya jure wannan salo yana da mafita a sashen sauƙaƙa amfani na saituna, inda akwai maɓallin rage garai-garai ɗin tun shekaru da dama.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne tace kira. Idan aka kunna shi, lambar da ba ta cikin jerin sunayenka ta kira, wayar ba za ta yi ƙara nan take ba; ita da kanta za ta amsa, ta tambayi mai kiran sunansa da dalilin kiransa, sannan ta rubuto maka amsarsa a fuskar waya ta fara ƙara, kai kuma ka zaɓi ko ka ɗauka ko ka ƙyale. An gina shi ne a kan fasahar da ta zo da iOS 17 a 2023, mai rubuta saƙon murya a daidai lokacin da ake barinsa. Muhimmancin wannan ya zarce kawar da masu talla. Ɗan damfara jarinsa shi ne ya kama mutum ba shiri, ya cika masa kunne da gaggawa kafin ya samu sararin tunani, kuma da zarar an tilasta masa ya faɗi buƙatarsa ga na'ura, aka karanta ta a rubuce cikin natsuwa, rabin ƙarfinsa ya tafi. Ina tunanin tsofaffi da waɗanda kunya ba ta barinsu su katse kiran baƙo, domin su ne aka fi cuta, kuma su ne wannan tsari zai fi yi wa rana. Adalci ya sa a faɗi cewa Apple ba shi ya fara ba: wayoyin Pixel na kamfanin Google suna da irinsa tun 2018. Zuwansa iPhone yana nufin ya kama hanyar zama abin da ake sa ran samu a kowace waya, kuma wannan ne ya sa nake murna da shi.

Kusa da shi akwai mai taya jiran layi. Duk wanda ya taɓa kiran wata ma'aikata aka bar shi da kiɗa a kunne na tsawon lokaci ya san zafin abin. Yanzu wayar tana gane kiɗan jira, ta riƙe maka layin, ka ajiye ta ka ci gaba da harkarka, idan mutum ya ɗauka ta sanar da kai. A manhajar saƙonni ma an bi wannan hanya, inda ake iya ware saƙonnin baƙin lambobi a wani kundi daban da ba ya tayar da mutum sai ya ga dama ya buɗe. An ƙara damar kaɗa ƙuri'a a hirar rukuni da sanya hoto a bayan hira, amma waɗannan masu amfani da WhatsApp sun daɗe da saninsu.

Akwai ƙananan gyare-gyare biyu da ba a yi musu shela ba, waɗanda nake ganin sun fito daga tunani iri ɗaya na mutunta lokacin mai waya. Shekara da shekaru ƙararrawar iPhone idan aka ɗage ta, bayan minti 9 take sake bugawa, ba ƙari ba ragi. Yanzu mutum zai zaɓa daga minti 1 zuwa 15. Haka kuma idan aka jona waya a caji, tana nuna tsawon lokacin da ya rage kafin batirin ya kai inda ake so.

Inda nake da tababa shi ne batun harshe da batun waye zai samu me. An sanya fassarar nan take a cikin kira da saƙonni da manhajar kiran bidiyo ta FaceTime, kuma a kan wayar kanta ake yin aikin, ba sai an aika maganar mutum wani wuri ba, abin da ya cancanci yabo ta fuskar sirri. Amma harsunan kira na farko su ne Ingilishi da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci da harshen Fotugal, kuma babu Hausa a ciki, kamar yadda muryar da ke tace kira ma ba ta jin Hausa. Mai kiran da ya ji na'ura tana masa magana da harshen da bai sani ba zai iya kashewa, ko da alheri ne ya kawo shi, saboda haka amfanin tsarin ya danganta da harshen da masu kiranka suke yi. Bayan wannan, fassarar tana buƙatar iPhone 15 Pro ko wadda ta biyo bayanta, yayin da ita kanta iOS 26 take hawa daga iPhone 11 zuwa sama. An ajiye XR da XS da XS Max na shekarar 2018 a tasha.

Ga mai sha'awar gwadawa, shawarata ita ce kada ya ɗora sigar gwaji a wayar da ya dogara da ita wajen aiki ko hulɗar banki. Kowace sigar gwaji, ko ta wane kamfani ce, tana iya shan batir da ɗumama waya da hana wasu manhajoji buɗewa, domin ba a gama ta ba. Abu mafi muhimmanci da mutane suke mantawa shi ne, kwafin bayanan da aka adana bayan an hau sabuwar siga ba ya komawa kan tsohuwa, don haka sai a adana kwafi a kwamfuta tun kafin a fara, a killace shi yadda wani sabon kwafi ba zai hau kansa ba. Agogon Apple Watch kuwa idan ya hau sigar gwaji, mai shi ba ya iya mayar da shi baya da kansa.

Sigar gwajin tana zuwa da manhajar aika ƙorafi mai suna Feedback, kuma sauyin da aka gani tsakanin siga ta ɗaya da ta huɗu ya nuna ana sauraron abin da masu gwaji suke faɗa. Kafin a saki cikakkiyar sigar a watan Satumba na 2025, abin da ni na so in rubuta musu shi ne a faɗaɗa harsunan da muryar tace kira take yi, a kuma ba mai waya damar naɗar gaisuwar farko da muryarsa, domin baƙon da ya kira ya san da mutum yake nema ya yi magana.