Jirgina ya tashi daga Guangzhou ina barci a unguwar Xiaobei

Har yau in na ga 00:30 a rubuce sai gabana ya faɗi.

Shekara da shekaru ina sari a Kwari, amma wannan ce tafiyata ta farko zuwa Sin. Zuwa ba matsala. Daga filin Malam Aminu Kano zuwa Bole a Addis Ababa awa huɗu da wani abu, sai zaman jira, sannan doguwar tafiyar da ta kai kilomita 8,000 zuwa filin jirgin Baiyun na birnin Guangzhou, awa goma da ɗoriya a kujera ɗaya har ƙafafuna suka kumbura. Tun a Kano na yi ta lissafi da biro a bayan tikiti, ina ganin awa goma sha shida tsakanin tashi da sauka, ashe kowane lokaci da ke jikin tikitin agogon garin ne. Sin ta riga Habasha da awa 5, ta riga Najeriya da awa 7. Wannan na gane shi da wuri, har ina yi wa wani ɗan Zinder da muka zauna tare bayani kamar malami.

Dawowa ce ta kayar da ni. Tikiti ya ce Alhamis, 00:30. Na kwashe ranar Laraba ina ɗaure kaya, na kwanta da wuri, Alhamis na yi sallama da masu kago, wato masu jigilar kaya, na sayi tsarabar yara, tara na dare ina filin jirgi da akwatuna biyu da ƙatuwar jaka. Yarinyar da ke kan teburin ta duba fasfona, ta duba kwamfuta, ta juyo da fuskar kwamfutar ta nuna mini da farce. Jirgin ya tashi kusan awa 21 da suka wuce, lokacin ina sharar barci.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mu ne fa muke kiran daren Laraba "daren Alhamis". Tun muna yara muka san daren Juma'a Alhamis da dare ne. Amma da na ga abin a takarda, sai kaina ya toshe.

Na kira ejan ɗina a Kano, ƙarfe biyu na rana a can. Ya ce, "Alhaji, ai na faɗa maka Laraba da dare za ka fita." Wataƙila ya faɗa. Tarar rashin zuwa, cikon kuɗin sabon tikiti, kwana biyu a otal, ga biza saura kwana uku, duk ribar da na ƙiyasta a kan yadin labule ta tafi a nan.

Yanzu duk tikitin da ya faro da sifili biyu, sai na rubuta ranar da ta gabace shi a tafin hannuna, in sa Hajiya ta kira ni da la'asar ɗin garin da nake ta tambaye ni ko na fita.