Shokin da wuyan yaran sakandare: saƙo ga masu shigowa sashen

Tunda na tattara nawa ya nawa daga sashen gashin ƙashi, gara in bar wannan ga waɗanda za a damƙa wa yaran sakandare masu kan da ya zarce gaba. Kun san su, daga Samaru, Tudun Wada, Sabon Gari, uwa na gaba tana cewa, "Likita, kullum yana duƙe kan waya, a sa masa shokin." Shokin ɗin, wato na'urar da ke motsa tsoka da lantarki ta facin da ake mannawa a fata, a kan sa shi kuwa, don a takardar kuɗi zaman na'ura ya fi zaman motsa jiki tsoka, Oga kuma ya san haka.

Tsokokin da suka yi sanyi a irin wannan yaro suna can cikin gaban wuya, manne da ƙashi, bayan maƙogwaro da hanyar abinci. Su ke janyo haɓa ciki su zaunar da kai a kan kafaɗu. Facin da aka manna a fata ba ya kai musu. Gaban wuya ma ba wurin faci ba ne sam: a gefen maƙoshi babbar jijiyar jini na da wani gurbi mai daidaita hawan jini, in lantarki ya taɓa shi bugun zuciya na iya raguwa yaro ya sume, maƙogwaro kuma na iya shaƙewa. Da yake gaba ya haramta, sai umarni ya fito daga sama a riƙa mannawa a saman kafaɗa, inda yaro ke nuna ciwo. Tsokar da ke wurin kuwa dama aiki ya yi mata yawa, a ɗaure take. Ka ƙara mata minti 20 na tsukewa, sau uku a mako, me kake jira? Yaro ya dawo da ciwon kai daga ƙeya, kafaɗu sun ɗage sun kusa taɓa kunne. In uwa ta yi ƙorafi, ƙaramin ma'aikaci ake kira ofis a ce bai iya saiti ba. Wanda ya ta da maganar a taron safe, amsar da ya samu ita ce littafi daban, aiki daban. To, Allah ya kyauta.

Kafin a kunna komai a yi awo. A manna ɗan filasta a ƙashin da ya fi fitowa a gindin wuya, wato na bakwai a jerin ƙasusuwan wuya, a sa ɗigo a guringuntsin bakin ramin kunne. A ɗauki hoto daga gefe, waya daidai tsayin kafaɗa, yaro na tsaye yadda ya saba (kada a ce ya miƙe, nan take zai gyara ya ɓata awon). Kusurwar da ke tsakanin layin kwance da layin da ya haɗa alamomin biyu ita ake bi; in ta gaza digiri 50 kai ya zarce. A sake hoton bayan mako huɗu, a wuri ɗaya. Ba tare da shi ba kowa na iya cewa an samu sauƙi. 'Yan mata kuwa mace ce za ta yi musu, a bayan labule, domin sai an ɗage hijabi alamomin ke fitowa.

Inda na'urar ke da amfani shi ne tsakanin allunan kafaɗa da ƙasansu kaɗan, tsokokin da ke janyo kafaɗa baya da ƙasa. Faci mai santimita 5 kowane gefe, biyu dama biyu hagu, ba a kan ƙashin baya ba. A sa ta a NMES, wato saitin da ke sa tsoka ta tsuke, ba saitin TENS ba. TENS na kwantar da ciwo ne, ba ya gina ƙarfi. Bugu 35 zuwa 50 a daƙiƙa, faɗin bugu mikrosakan 200 zuwa 300, tashi a hankali na daƙiƙa 2, kunnawa 10, hutu 30 zuwa 50, jimla minti 15. A ƙara ƙarfi sannu-sannu har ido ya ga allon kafaɗa ya motsa, ba wai sai yaro ya cije leɓe ba. Kuma duk lokacin da ta kama, shi ma ya janyo kafaɗun da kansa. Yaron da ke kwance yana latsa waya na'ura na yi masa aiki, kuɗin mahaifinsa kawai ake ci.

Lokacin hunturu fata kan bushe, iyaye kuma su lafta wa yaro basilin ko man kaɗanya. Maiƙo na tare lantarki, sai ka yi ta ƙara ƙarfi, sannan ya bi ta kusurwa ɗaya ya yi zafi kamar tsinin allura. A wanke da sabulu, a share, a jiƙa wurin kaɗan. Facin da gefensa ya fara ɗagowa a yar da shi, ko da sito ya ce babu sabo.

Ainihin maganin yana wurin abin awon hawan jini, don da shi ake horar da waɗancan tsokokin na cikin gaban wuya. A naɗe jakar iskar, a sa ƙarƙashin ƙeya yaro na rigingine, a hura har allurar ma'aunin ta kai 20. Ya gyaɗa kai a hankali kamar mai cewa "i", allura ta hau 22, ya riƙe daƙiƙa 10, sau goma. Daga nan 24, a bi da bibbiyu har 30. Ka ɗora yatsa a doguwar tsokar gefen wuya; in ta kumburo yaudara yake yi, da ita yake aikin maimakon tsokokin ciki, a koma baya. A haɗa da miƙar da ƙirji a bakin ƙofa, daƙiƙa 30 sau uku.

Mai farfaɗiya ko na'urar zuciya a jiki ba a sa masa shokin, haka ma fatar da ke da ƙurji. A tambaya ko yana ganin allo daga bayan aji, wani yaron tabarau kawai yake buƙata. In gadon bayan yaro ya ƙi miƙewa ko ya kwanta, a tura shi ɗaukar hoton ƙashi tukuna. Jakar makaranta kada ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin yaro. Umarnin da aka ba ka da baki, ka rubuta shi a fayil da kwanan wata da sunan wanda ya bayar.