Abin da Na Koya a Sashen Dunƙule Garin Sabulu

Garin sabulun da ake sayarwa a ƙananan ledoji yana fara rayuwarsa ne a matsayin ƙura mai laushi wadda ba ta zubuwa, ba ta aunuwa daidai, kuma tana shaƙe duk wanda ya tsaya kusa da ita. Aikin sashenmu shi ne mayar da wannan ƙura ƙwayoyi masu kusan girma ɗaya.

Tsohuwar hanya ita ce a dama sinadaran su yi kauri, a fesa su daga ƙololuwar doguwar hasumiya cikin iska mai tsananin zafi, sai su sauko a bushe, marasa nauyi. Hanyar tana cin makamashi ainun. Tun da kamfanin Kao na Japan ya fito da garin sabulunsa mai suna Attack a 1987, masana'antu suka ƙara karkata ga injinan gauraya, irin na kamfanin Lödige na Jamus mai ƙarafa masu siffar bakin garma, waɗanda ke watsa garin sama yayin da wuƙaƙe masu saurin juyawa ke yanke duk curin da ya yi girma.

Babban darasin da na ɗauka shi ne ma'aunin ruwa ya fi ƙarfin inji muhimmanci. Ruwan nan asid ne da ake fesawa a kan garin soda; shi ne yake zama sinadarin wanki idan ya haɗu da sodar, shi ne kuma abin da ke manne ƙwayoyin, kamar yayyafin da ake yi wa tsaki kafin a turara dambu. Idan ya gaza, ƙura ce za ta fito. Idan ya ɗan zarce, sai garin ya cuɗe ya liƙe a jikin gangar injin, a tsayar da aiki ana kankara. Ma'aunin da ya yi daidai a lokacin hunturu kuwa yakan ba da matsala da damina, domin soda tana tsotsar danshin iska tun tana cikin buhu. Shi ya sa ƙwararren ma'aikaci yake sa ido a kan wutar da motar injin ke ja, domin tana hawa da zarar garin ya fara nauyi.

Turare da sinadarin inzayim, mai narkar da tabon abinci a jikin tufafi, sai an busar an rairaye ake zuba su, saboda zafi yana lalata su. Ba na yarda kowa ya shiga wurin babu takunkumi, ganin cewa ƙurar inzayim ce ta jawo wa ma'aikatan sabulu cutar asma a Ingila a ƙarshen shekarun 1960.