Talata: kalma ɗaya da Auwal

Zafin Gombe yau ba a magana. Wuta ta zo da asuba, kafin hantsi ta tafi.

Bayan azahar Auwal ya taso tun daga Tumfure da kwamfutarsa, ransa a ɓace. Shirin da ya rubuta da yaren C++ ya ƙi tashi a GCC, kwamfailan da nake amfani da shi, wato manhajar da ke juya shiri zuwa yaren na'ura; shi kuma da Visual Studio na Microsoft yake aiki. "Yaya, GCC ɗin nan naka ne ke da matsala. A Visual Studio ɗina lafiya lau ya tashi." Layin da aka tsaya a kai shi ne `akwati.dauko<3>(x)`, cikin fankshin da shi kansa template ne, wato wanda aka rubuta ba tare da an tsayar da nau'in abin da zai karɓa ba; nau'in akwatin kuma T, sunan da ke riƙe wa nau'i na gaske wuri.

Na ce masa, sa kanka a matsayin kwamfaila. A karatun farko bai san mene ne T ba, sai an kira fankshin ɗin da nau'i na gaske. To ta ina zai san dauko template ne mai karɓar 3? Ƙila lamba ce kawai, ana tambayar ko ta gaza 3, sannan a gwada amsar da x. Duka biyun suna karantuwa. Shi ya sa saƙon kuskuren ke maganar `operator<`, abin da Auwal bai ko kalla ba. Dokar C++ tun 1998 ta raba gardama: in ba ka faɗa ba, alamar < ta "ƙasa da" ce. Sai ka rubuta `akwati.template dauko<3>(x)`. Haka ma bayan `->` da `::`. Tsohon kwamfailan Microsoft yana jira ne sai T ta bayyana kafin ya duba, daga 2017 kuma in ka kunna `/permissive-`, zaɓin da ke sa shi bin dokar sosai, shi ma zai tsayar da kai.

Ya sa kalmar, aiki ya tashi. Ya rufe kwamfuta yana murna. "Shi ke nan, Yaya, ko'ina zan riƙa zuba ta."

Wannan maganar ce ta tsaya min a rai. Wallahi yaron yana da kai, ya fi ni saurin kamawa lokacin da nake shekarunsa. Amma magani yake so, bai damu da sanin ciwon ba. Nan gaba kaɗan zai ci karo da `typename`, kalmar da ke faɗa wa kwamfaila cewa suna nau'i ne, tushensu ɗaya da `template`, ya haddace ta daban, ya ɗauka C++ tarin tsarabe-tsarabe ne marasa dalili. Ina tsoron ya gaji ya bar fannin.

Mama ta kira kan ankon bikin Zainab. Shinkafa da wake da dare.

Gobe bayan magariba zan rubuta masa `T::abu * p;` a takarda, in tambaye shi ninkawa ce ko kuwa ayyana p aka yi. Ba zan ba shi amsa ba.