Kwalekwalen da ya gagari jirgin yaƙi

Ranar 12 ga Oktoba 2000, jirgin yaƙin Amurka USS Cole ya tsaya shan mai a tashar Aden ta ƙasar Yaman. Mutum biyu 'yan Alƙa'ida suka taho a ƙaramin kwalekwale mai inji maƙare da nakiya, suka raɓi jikinsa, suka tayar. Sojojin ruwa 17 suka mutu, gefen jirgin ya huje kusan faɗin mita 12. Jirgin da aka ƙera don kakkaɓo makami mai linzami a sama, sai ga abin da ya zo masa sannu a kan ruwa, ido na ganin ido, ya gagare shi. Duk lokacin da na tuna, sai tausayin masu gadin ranar ya kama ni, don ba su da izinin fara harbi.

Daga nan aka dage da gina shinge mai iyo a bakin sansanonin sojan ruwa, ragar da ke tare kwalekwale mai gudu. Aka kafa na'urar sona a ƙarƙashin ruwa, tana aika sauti tana sauraren dawowarsa, ta bambanta mai ninƙaya da kifi. Ga na'urar rada mai hango abu daga nesa, ga kyamarorin da ke ganin zafin jiki cikin dare. Abin da ya fi burge ni, a sansanin Kings Bay na jihar Jojiya ta Amurka har dabbar teku dolfin aka horar tana gano mai nutso.

Amma fa a Mayun 2011, waɗanda suka kai hari sansanin sojan ruwa na Mehran a Karaci ta Pakistan ba ta ruwa suka zo ba. Katanga suka haura da dare, suka ƙone jiragen sama na leƙen asiri samfurin P-3C Orion guda biyu.

Ni damuwata tana wajen masunta. Na'ura za ta ce ga kwalekwale nan tafe, ba za ta ce ga abin da ke zuciyar mai tuƙi ba. Sojan da ke gadi a Baga, bakin Tafkin Chadi, yana fama da wannan kullum: mai neman abinci da mai mugun nufi, kwalekwalensu iri ɗaya ne. Shi ya sa na fi daraja shinge da lasifikar gargaɗi mai kai murya nesa a kan kowace bindiga. Suna ba soja 'yan daƙiƙun tantancewa kafin ya ɗana, suna ba masunci damar juya akalar jirginsa ya koma gida da ransa.