Mun kama gida a Kumasi, Goggo ta yi fushi

Ɗan yayata ya gama karatun injiniya a jami'ar KNUST da ke Kumasi, kuma shi ne jika na farko a gidanmu da ya kai wannan matsayi, don haka ba wanda ya yarda a bar shi a Nima, unguwarmu a Accra, ranar bikin yaye ɗalibai. Mma, mahaifiyarmu, ta ce ko a keken guragu ne sai an kai ta. Kawu ya ce shi ya yi wa yaron huɗuba ranar da aka haife shi, ba zai ji labari a waya ba. Ƙanena da ke Bronx a Amurka ya daidaita hutunsa da ranar, ya zo da matarsa da yaransu da Hausarsu ba ta wuce "ina kwana" ba. Da muka zauna lissafi a ɗakin Mma, manya da yara mun haura 15.

Ni aka ɗora wa neman masauki, wai don ni ce ba na rabuwa da waya.

Otal na fara dubawa. A makon yaye ɗalibai ɗakunan da ke kusa da jami'ar cika suke yi, waɗanda suka rage kuma kuɗinsu ya hau. Mu kuwa ɗaki shida ko bakwai muke bukata, kuma ba lallai a same su a hawa ɗaya ba. Wa zai kwana da yaran? Wa zai ji motsin Mma in ta tashi da dare? Ga karin kumallon otal, burodi da ƙwai da naman da ba ka san wanda ya yanka ba, abin da Mma ba za ta kai bakinta ba ko da yunwa za ta kashe ta. Amma abin da ya kashe maganar otal gaba ɗaya shi ne gaisuwa. Muna da dangi a unguwannin Kumasi, a Aboabo, a Asawase, a Sabon Zango. In suka ji Hajiya ta iso gari, zuwa za su yi, ba ɗaya-ɗaya ba, kuma ba da alƙawari ba. Na hango su cike da harabar otal, wata da kwanon fura, wani yana neman buta, ma'aikaci yana tambayar lambar ɗaki. Na rufe shafin.

Ƙanena ne ya kawo shawarar a kama gida sukutum. Shi ya saba da Airbnb, manhajar kama gidan haya na 'yan kwanaki, a Amurka, ya yi ta turo mana hotuna a zauren WhatsApp na gida. Irin waɗannan gidaje sun yi yawa a Ghana tun 2019, shekarar da gwamnati ta gayyaci baƙaƙen fata na ƙasashen waje su dawo gida su ga tushensu, Disamba ta zama watan baƙi. A Accra suna East Legon, Cantonments, Osu da Spintex. A Kumasi kuma Ahodwo, Nhyiaeso da Danyame. Da yawansu na mutanen da ke zaune a Turai ne, waɗanda a Kumasi ake ce wa boga: sun gina gida, sun zuba kaya, ba sa kwana a ciki sai wata ɗaya a shekara, sauran watannin ɗan'uwa ne ke riƙe da makulli yana ba da haya.

Hotunan duk sun yi kyau, shi ya sa ban yarda da ko ɗaya ba. Gani ya kori ji. Na kira taubashina, ɗan Goggo, da ke tuƙa pragya, keke mai ƙafa uku, a Aboabo, na ce ya je da ƙafarsa. Na hana shi ɗauko mini hoton falo. Na ce ya buɗe famfo ya ga ko ruwa na zuwa, ya ɗaga kai ya duba tanki, ya tambaya rijiyar burtsatse ce ko ruwan gwamnati. Ya duba mitar wuta, ya ji wa zai sa mata kuɗi, mu ko mai gida. In akwai janareta, man na wuyan wa? Akwai ɗaki da banɗaki a ƙasa, don gwiwar Mma ba ta hawa bene? Akwai kare a gidan? Sannan ya taka daga ƙofa zuwa masallaci mafi kusa, ya gaya mini ko Kawu zai iya zuwa Asuba da sandarsa.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta zubar da gidajen Ahodwo, duk da kyansu. Muka tsaya kan wani gida ta wajen Ayigya, tsallaken titi ne daga jami'ar, ga zangon Ayigya kusa, ana jin kiran salla daga tsakar gida. Ban tura ko sidi ɗaya ta MoMo, hanyar tura kuɗi ta waya, ba sai da taubashina ya tsaya a cikin gidan tare da mai kula da shi, muka yi magana ta bidiyo, ya turo mini adireshin GPS na gidan da ke manne a bango. Masu damfara da hoton gidan wani ba su da wuyar samu. Na biya rabi, da kuɗin ajiya na ɓarna, aka ba da rasit. Na kuma gaya wa mai kula da gidan tun kafin mu zo cewa ba biki za mu yi ba, ba kiɗa, amma mutane za su shigo gaisuwa da yawa, in ba zai yiwu ba ya faɗa yanzu. Ya yi dariya ya ce ya san mutanen zango.

Da na faɗa wa Mma kuɗin, ta ce, "Na kwana ɗaya ke nan ko na wata?" Ba laifinta ba ne. Haya a wurinta ita ce ta Nima, inda mai gida ke neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da na wata shida. Sai da na raba kuɗin bisa kawunanmu, na ajiye shi kusa da na ɗakunan otal da abincin da za mu saya sau uku a rana, sannan ta yi shiru. Gidan ya fi araha nesa ba kusa ba.

Abin da ban iya hanawa ba shi ne labari ya kai kunnen Goggo, tunda ɗanta na aika. Da daddare ta kira ni.

"Ke 'yar nan, mutuwa na yi?"

"Subhanallahi, Goggo, me ya faru?"

"Gidan ubanku yana tsaye a Aboabo, ku zo Kumasi ku ba wani kuɗi ya ba ku wurin kwana? Me mutane za su ce? Su ce matar yayana ta zo gari na kasa ba ta tabarma?"

"Goggo, ku yi haƙuri, yawa ne da mu. Ba ma so mu takura ku."

"Takura! A gidan nan?"

Fushinta yana da tushe. Kakanmu mai masauki ne. Fataucin goro tsakanin ƙasar Asante da ƙasar Hausa ya daɗe, ta Salaga ake bi, har yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar garin, fatake suka bazu, zangon Kumasi ya yi ta cika daga baya. Baƙon da ya zo da shanu daga arewa ko ya zo sayen goro ba otal yake nema ba, maigida yake nema. Maigida ya ba shi ɗaki, matan gida su ba shi tuwon dare, a ajiye masa kaya da kuɗi, a nemo masa mai saye, a tsaya masa in bashi ne, maigida ya ci la'adarsa. Ɗakunan da ke jere a gidan Aboabo don haka aka gina su. Goggo ta tashi tana kai wa baƙi ruwa a waɗannan ɗakuna, tana kuma tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda, ɗakuna suka wayi gari ba kowa. A wurinta gidan da baƙo ya wuce bai sauka ba, gidan ya mutu. Sai dai ɗakunan yau cike suke da jikoki da 'yan haya, banɗaki ɗaya ne ake layi a kansa da safe. Da mun sauka can, ita da jikokinta za su koma kwanan baranda, kuma ba za ta taɓa faɗa ba.

Mma ce ta warware. Ta karɓi wayar ta ce, "Hajiya, ni a ɗakinki zan fara kwana. Yaran nan su je can gidan nasu." Haka aka yi. Mun ɗauki bas guda daga Nima, tukwanenmu da butoci da tabarmi a baya, muka bi Nsawam, Suhum, Nkawkaw, Konongo, tafiyar kilomita wajen 250, muka fara sauke Mma a Aboabo da kayan tsaraba kafin kowa ya ga gidan hayar. Washegari da hantsi sai ga pragya a ƙofa: Mma, Goggo, jikokinta biyu, da buhun garin masara. Goggo ta zagaya gidan ba ta ce komai ba, ta shiga kicin, ta buɗe tukwanen mai gida ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa, ta tattara su duka ta tura ƙarƙashin kanta. Kofunan giya masu dogon wuya ta sa a mayar da su can saman kabad. Murhun gas ta kalle shi ta ce wannan ba zai tuƙa tuwon mutum ashirin ba, ta aika a kawo mata kurfoti, murhun gawayi, da gawayinsa. Ba ta koma Aboabo ba sai ranar da muka tashi.

Daren bikin shi ne abin da otal ba zai taɓa ba mu ba. Da rana mun ga Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, daga nesa, shi ne uban jami'ar, mun sha rana, mun sha hoto. Bayan Magariba aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, Kawu ya ja salla, alƙibla gabas a ɗan karkata arewa, sahu har bakin get. Aka fito da tuwon zafi da miyar ayoyo. Wani tsoho daga Sabon Zango da ya yi makarantar allo da babanmu ya dafa kan yaron ya yi masa addu'a mai tsawo, yaron yana sanye da rigar digiri har lokacin don Mma ta hana shi cirewa. Yaran Bronx suna zaune a ƙasa da jikokin Goggo, hannu a kwano ɗaya, ana koya musu yanka loma.

To amma wa ya tuƙa tuwon? Wa ya wanke kwanukan? Nan ne nake da magana da masu yabon gidan haya. A otal, mace ma baƙuwa ce: a gyara mata gado, a kawo mata tawul, ta ci ta ajiye faranti. A gidan haya, kicin ɗin Nima ne ya biyo ki Kumasi, har ya ƙaru da baƙi. Ni da yayata da matar ƙanena mun tashi kafin kowa mun kwanta bayan kowa, maza kuwa suna baranda da butar shayi suna ta cewa wannan tafiya ta yi daɗi. Da abin ya ishe ni na kafa doka: karin safe a sayo koko da ƙosai a zango, na rana a sayo waakye, wato shinkafa da wake, girkin dare kawai za mu yi. Cefanen kasuwar Kejetia kuma na maza ne. Kawu ya ce shi tun da aka sake gina kasuwar bai san hanyar cikinta ba, na ce ga samari nan su raka ku. Goggo ta samo mana wata yarinya daga Aboabo tana zuwa wanke-wanke muna biyanta.

Sai mita. Yara sun gano na'urar sanyaya ɗaki, kowane ɗaki a kunne, ƙofa a buɗe, ana cikin hira sai mitar ta fara ƙara tana neman kuɗi. Ƙanena ya ɗauki wannan a wuyansa tunda 'ya'yansa ne shugabannin ɓarnar, yana saye ta waya yana ƙunƙuni.

Mun samu mun fita yawo kafin mu koma. Gidan tarihin Manhyia, ginin da Turawa suka yi wa Sarkin Asante Prempeh I bayan ya dawo a 1924 daga tsibirin Seychelles, inda suka tsare shi, yanzu akwai kayan zinariyar da aka kwashe a yaƙin 1874, waɗanda gidajen tarihin Ingila suka dawo da su a 2024 da sunan aro. Kawu ya daɗe yana maimaita wannan magana, a ara maka kayanka. Daga nan tafkin Bosomtwe, wajen kilomita 30 daga gari, ramin da dutse daga sama ya faɗo ya haƙa tun shekara miliyan ɗaya da ɗoriya. Masunta a can a kan katako suke zama su tuƙa da hannu. Shinkafarmu muka dafa a gida muka tafi da ita a kula, muka ci a bakin ruwa a Abono. Mma ba ta je ba, ita da Goggo suna gida suna karɓar masu sallama.

Ranar tashi mai kula da gidan ya zo da takardarsa yana ƙirga cokula da tawul. An fasa faranti, gawayin Goggo ya baƙanta tayil ɗin bayan kicin, ya cire kuɗinsu daga ajiyar, ya turo sauran ta MoMo kafin mu kai Ejisu. Ban yi gardama ba, ya yi adalci.

Da ni da maigidana ne kaɗai, ko kwana ɗaya za mu yi, otal zan kama in miƙe ƙafa a kawo mini shayi. Yanzu ana maganar Cape Coast in yara sun samu hutu, kuma gida za mu sake nema. Matar ƙanena ta riga ta rubuta a zauren gida cewa kuɗin mai girki da mai wanke-wanke su za a fara sawa a lissafi, kafin kuɗin mota. Maza sun karanta, har yanzu ba wanda ya amsa.